Jan Biro Ta Karya Yajin Aiki

Ranar da ma'aikatan gwamnati suka tsunduma yajin aiki a kan fansho, wadda abin ya fara faɗo wa a ka ita ce wadda aka ce don ita ake yi.

Jan Biro ake ce mata. Ɗalibanta ne suka laƙaba mata sunan tun tana sabuwar malama, don ba ta iya ganin takarda ta wuce ta gabanta ba ta yi mata jan layi ba. Shekara talatin da biyar ta yi tana koyarwa a firamare. Ta ajiye alli shekara huɗu da suka wuce, kuma tun daga ranar take jiran fansho. An ce mata fayil ɗinta ya hau sama, an ce ya sauko, an ce ya sake hawa. Har ta daina zuwa tambaya, don amsar da ake ba ta ba ta kai kuɗin motar ba.

Da safiyar Litinin ɗin tana zaune a tsakar gida tana shan shayi, sai ga matar ɗanta ta faɗo da jar hular ƙungiya a kan ɗankwali, da usur a wuya, da yara uku a gaba. Ita ma malama ce, kuma ita ce shugabar mata ta reshensu.

"Mama, yau ake yin ta! Mun rufe makarantu kaf, ko kaza ba za ta shiga aji ba. Wallahi saboda ke muke wannan fafutuka."

"Allah ya yi albarka."

"To ga su nan. Ƙaramin bai karya ba."

Kafin shayin ya huce, ma'aikaciyar jinya ta bayan layi ta kawo nata biyu. Magatakardan kotu ya kawo ɗaya. Matar Shugaban ƙungiya ta aiko da uku a adaidaita. Kowa ya zo sai ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, ya ce saboda ita ake yi, ya ajiye ɗansa, ya fice gangami. Mako bai zagayo ba sai da yara suka kai goma sha tara. A mako na biyu ma an daina gangamin kullum, amma yaran ba su daina zuwa ba. Iyayen sun gano cewa yajin aiki yana da albarka: wannan ya fara kiwon kaji, waccan ta fito da keken ɗinki, wancan kuma ya rama barcin shekara goma.

Ba za ta iya cewa a'a ba, kuma ga dalili. Wata guda kafin yajin, ƙungiya ta turo mai hoto. Ya tarar da ita ranar da haƙori ya sa ta a gaba, kumatu ya kumbura, ido yana ruwa, ta yi tagumi. Ta ce ya jira ta canza kaya. Ya ce, "Yauwa Mama, haka ɗin nan, kada ki motsa." Hoton nan shi aka buga a kwalaye, aka rubuta a ƙasa: TA KOYAR DA KU, KUN MANTA DA ITA. Matar da ba ta taɓa fita da kayan da ba a goge ba, sai ga ta a jikin kowane turken lantarki kamar wadda aka tsinto a bola. Mai tumatir ya ƙara mata gyara don tausayi, ta dawo gida tana huci.

Ladan wannan tozarci shi ne jeri. Ƙungiya ta tattara sunayen tsofaffin 'yan fansho ɗari biyu, ta rantse ba za a buɗe makaranta ko ɗaya ba sai an sallame su. Sunan Jan Biro shi ne na farko. Ita kuwa jerin nan shi ne idonta. Yanar ido ta riga ta rufe na hagu, na dama kuma ya kama hanya. Likita ya ce aiki za a yi, kuma kada ta yi wasa da lokaci, kuɗin aikin kuwa sai fansho ya fito. Ba ta gaya wa kowa yadda abin ya yi nisa ba, har ɗanta, direban babbar mota da ke yin wata bai kwana gida ba. Yaran da ke tsakar gidanta da murya take gane su, da launin riga.

Kai, yara goma sha tara ba aiki ba abin yi! Sun karya kan famfo. Sun cire wa rediyo eriya sun yi takobi da ita. Sun hau bishiyar lemo sun sauko da reshe. Ta yi tsawa har muryarta ta dishe, ta haƙura, tana gaya wa kanta ai wanda zai sha zuma sai ya jure harbi.

Ranar Laraba ta mako na biyu ta ɗauko kwalabe biyu na magani, ta rasa wanne ne na ɗigawa a ido, wanne ne na kunne. Ta kira yarinyar da ta fi kusa. 'Yar Shugaba ce, mai shekara tara, 'yar aji huɗu, wadda yara ke kira Shiru-Shiru don ba a jin bakinta.

"Zo nan, 'yar nan, duba min me aka rubuta a jikin wannan."

Yarinya ta karɓi kwalba ta ƙura mata ido. Ta juya ta. Ta sake juya ta. Can sai Jan Biro ta ji shesshekar kuka.

Yayanta ya leƙo daga kan bishiya. "Ai ba ta iya karatu ba, Kaka. Hoto take kallo ta faɗa."

"Aji huɗu? To ta yaya take cin jarrabawa?"

"Wa zai kayar da ita? Babanmu ne fa Shugaba."

Jan Biro ta zauna a kan turmi. Ranta ya ɓaci, ɓacin da ko maganar fansho ba ta taɓa jawo mata irinsa ba. Malamai huɗu, ɗaya bayan ɗaya, sun kalli yarinyar nan, sun kalli ubanta, sun miƙa ta gaba. Ta so ta san sunayensu ta bi su gida-gida, sai ta tuna ashe 'ya'yan biyu daga cikinsu suna can suna yi mata ɓarna a bayan ɗaki.

Washegari da ƙarfe takwas ta ɗauki murfin tukunya da cokali ta buga. Yara suka tsaya cak. Hali zanen dutse ne: muryar da ta dishe da tsawa sai ta koma muryar aji, kafin su ankara sun tsinci kansu a layi, gajeru a gaba, dogaye a baya.

Babu allo, babu littafi. Amma akwai kwalayen ƙungiya da matar ɗanta ta jibge mata a ɗakin ajiya, kuma bayansu fari ne tas. Ta ɗauko wuƙar kicin ta yanka kowanne gida huɗu, kuma gaskiya ta ji daɗin yankan. Wani yaro ya samu kumatunta mai kumburi, wani ya samu idonta mai ruwa, wani ya tashi da tagumin. Ta ce kowa ya kifa fuskar ƙasa ya yi rubutu a baya. Ita kuma ta ɗauki gawayi ta riƙa zana haruffa a bango, kowanne ya kai tafin hannu, don su ne kaɗai take iya gani. Ta buɗe rajista a tsohon littafi, amma da ka take kiran suna.

Kada wani ya ce iyayen ba su sani ba. Sun sani sarai. In sun zo ɗaukar yara sai su shigo suna kallon sama, kamar masu duban hadari, don kada idonsu ya faɗa kan bangon. Ma'aikaciyar jinya ta matso kunnenta ta ce, "Mama, in da hali a ɗan matsa wa babban a lissafi." Magatakardan kotu ya manta kwalin alli a bayan ƙofa, bai taɓa dawowa nema ba. Matar Shugaba ta aiko da fensir dozin biyu ba tare da saƙo ba. Zuwa mako na huɗu yara sun kai talatin da ɗaya, kuma duk wanda ya kawo nasa sai ya ce saboda ita ake yi.

Shiru-Shiru kuwa a gefenta take zama. Matsalarta tsoro ce. In ta ga doguwar kalma sai numfashinta ya ɗauke, ta rufe ido tana jiran a wuce ta kamar yadda aka saba. Jan Biro ba ta wucewa. Sai ta ɗora yatsan yarinyar a kan harafin farko ta ce, "Kada ki ji tsoronta, rarraba ta." Kwana goma sha ɗaya ana haka. Rannan ana hutun tara, yarinyar ta ɗauki gwangwani a kicin ta ce, "Ma... da... ra." Sai ta sake shi ya faɗi don firgita. Jan Biro ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa ta yi kukanta, sannan ta fito ta ce wa ya ba ta izinin taɓa gwangwanin.

To, ana zaune ƙalau ba a rasa mai tsokano tsuliyar dodo. Akwai wani ɗan haya a benen da ke kallon tsakar gidan, wanda karatun yara ke hana shi barcin safe. Ya leƙo ta taga ya ɗauke su da waya: ga tsohuwar jikin kwali da sanda a hannu, ga yara talatin suna rera biyu sau biyu. Kafin azahar bidiyon ya shiga kowace waya a garin. Kafin la'asar mai magana da yawun gwamnati yana gidan rediyo yana ƙyaƙyata dariya. Ya ce ita kanta uwar tasu ta gaji da su ta koma aji, su me suke jira?

Ranar Alhamis da hantsi, ana tsakiyar darasi, kwamitin sa ido ya iso. Shugaba ne a gaba, Sakatare na bin sa da jaka, sai matar ɗanta a baya tana kallon ƙasa. Wasu biyu masu jajayen huluna suka tsaya a bakin ƙofa, kai ka ce tsohuwar za ta haura katanga.

Yara talatin da ɗaya suka miƙe tsaye lokaci guda. "Barka da zuwa, Malam!"

"Ku zauna," in ji Shugaba da Sakatare tare, kafin su tuna abin da ya kawo su.

Shugaban nan ɗalibinta ne. A aji biyu ita take share masa majina da gefen mayafinta. Yanzu ya yi tumbi, ya yi murya, in ya yi tari ma'aikata dubu suna ajiye aiki. Duk da haka ya durƙusa ya gaishe ta, gwiwarsa tana ƙara.

"Malama, kin kashe mu. Wallahi kin kashe mu. Muna gab da kama gwamnati a wuya, sai ga ki a waya kina biyu sau biyu."

"Huɗu ne dai har yanzu, ko ƙungiya ta canza?"

Bai yi dariya ba. Ya ce magana ɗaya ce. An rubuto takarda, za ta sa hannu a gaban waya a nuna wa duniya, sannan a goge bangon. In ba haka ba doka a fili take, kuma da hannunsa ya rubuta ta: duk wanda ya karya yajin aiki, a cire sunansa daga kowane jeri na ƙungiya.

Amma bakinta bai mutu ba. "Shi ke nan. Ku kwashe 'ya'yanku, in huta."

Shugaba ya kalli Sakatare. Sakatare ya gyara murya.

"A'a Mama, ba a ce haka ba. Kwamiti ya zauna jiya ya bambance abin. Riƙon yara ba laifi ba ne, gudummawa ce ma, kuma muna godiya. Koyarwa ce laifi."

"Wato in riƙe su, amma kada su ƙaru da komai."

"Yauwa Mama, kin gane."

"In yaro ya tambaye ni biyu da biyu nawa ne fa?"

Sakatare ya yi ɗan tunani. "Sai ki ce masa ana kan tattaunawa."

Da wani lokaci ne da ta wanke shi tas ta shanya. Amma tsoro ya kama ta, tsoro na gaske. Tana kallon fuskar Shugaba, ba ta ganin komai sai baƙin dunƙule da ja a samansa. Ta tuna yadda take lalube kafin ta sami kofi. Ta tuna tsohuwar maƙwabciyarta da ake ja da sanda zuwa bayi. Jarumtaka ba ta biyan likita. Ta yanke a ranta za ta sa hannu, yara kuwa Allah ya kawo musu wani.

"Kawo takardar."

Sakatare ya miƙa mata, ya ɗaga waya ya fara ɗauka. Ta kai takardar kusa da hanci. Hazo kawai. Ita kuma a rayuwarta ba ta taɓa sa hannu a abin da ba ta san me ke ciki ba, kuma ba ta son su gane.

"Na bar tabarau a ɗaki."

"Bari in karanta miki, Mama."

"Kai ka rubuta, kai za ka karanta min? Ni ma na yi aikin gwamnati." Ta juya wajen yara ta ɗaga takardar. "Wa zai karanta wa Kaka?"

Babban yaron ma'aikaciyar jinya take nufi, ɗan aji shida. Amma hannun da ya zare takardar ƙarami ne, kuma ta san shi, don kullum yana cikin nata.

"Ke, ajiye!" in ji Shugaba da sauri, kunya ta rufe shi a gaban kwamitinsa. "Ba wasa ake ba, ba wa yayanki."

Shiru-Shiru ba ta ko kalle shi ba. Ta ɗora yatsa a layin farko.

"Ni... mai... sa hannu... a ƙa... sa..."

Shugaba ya saki baki. Shekara tara yana ciyar da yarinyar nan, bai taɓa jin ta haɗa harafi biyu ba. A gida an riga an yanke cewa ta gado kakarta ta wajen uwa, a bar ta kawai.

"...ina... shai... da cewa... riƙon yara... kawai nake yi. Ina... go... yon bayan..."

Sai ta tsaya. Kalmar doguwa ce, irin wadda Sakatare ke so, mai cika baki a lasifika, wadda Jan Biro ta sha ji har ta san ita ce ko ba ta gani ba. Tsakar gida ta yi shiru har ana jin ɗigar famfon da aka karya. Jan Biro ta ji numfashin yarinyar ya fara sarƙewa, ta san me ke biye.

Shugaba ma malami ne, shekara ashirin yana aji kafin ya sa jar hula. Leɓensa ya motsa, kalmar ta zo masa har bakin haƙori. Sai ya kalli wayar da ke hannun Sakatare, ya haɗiye ta.

Jan Biro ta ciji leɓe. Ta ce wa kanta ba ruwanki, ubanta na tsaye. Ta ce wa kanta idonki, tsohuwar banza, idonki. Ta ji yarinyar ta ja hanci.

"Kada ki ji tsoronta, 'yar nan. Rarraba ta. Gwa..."

"Gwa... gwar... ma... ya. Gwagwarmaya!"

"Ci gaba."

"Kuma... ba a taɓa... koyar da kowa... komai... a gidan nan ba."

Yara suka ɓarke da tafi, don haka aka koya musu in wani ya kai ƙarshen layi. Shugaba ya cire jar hularsa ya goge ido da ita. Hawaye ne na gaske, ba za a yi masa ƙarya ba. Amma da ya gama sai ya mayar da hular kansa.

Sakatare ya sauke waya ya matso. "Ba komai Mama, wancan wurin za a yanke shi. Sa hannu kawai."

Ta zaro jan bironta daga cikin ɗankwali, inda yake zama tun kafin a haifi Sakatare. Allah ne shaida, sa hannu ta yi niyya. Amma hannun da ya shekara talatin da biyar yana abu ɗaya ba ya tambayar mai shi. Ta ji takarda a ƙarƙashin biro, ga yarinya tsaye a gefe tana jira, sai kawai ta ja ƙaton maki daga ƙasa zuwa sama, ta rubuta "Da kyau," ta miƙa wa Shiru-Shiru.

"Innalillahi," in ji matar ɗanta.

Sakatare mutum ne mai shiri. Ya buɗe jaka ya zaro wata. "Na yi kwafi uku, Mama."

Yanzu kam babu batun kuskuren hannu. Ta riƙe sabuwar takardar. Tana jin yarinyar a jikin zanenta, tana jin ƙarar waccan takardar da ta ƙanƙame a ƙirji.

"A gabanta kake so in ce ba ta karanta ba?"

"Sai ta ɗan fita waje."

"Ta riga ta karanta, ɗan nan. Ta san me ke ciki. Ai da ba ku bari an koya mata ba."

"Mama, don Allah," in ji matar ɗanta. "Idonki fa?"

Jan Biro ta juya inda muryar ta fito. Wannan ta fi komai yi mata ciwo. "Ashe kin sani."

Matar ɗanta ta sunkuyar da kai.

"Kin sani, kike tara min yara talatin in gane su da launin riga." Ta miƙa wa Sakatare takardarsa. "Riƙe abinka. Ba zan sa ba."

Shugaba ya yi magiya, ya yi lallashi, ya ce ba shi ba ne, doka ce, in ya ɗaga mata ƙafa gobe kowa zai ce a ɗaga masa. Ta ce ta gane, ita ma ta kori yara daga aji a kan doka. Daga ƙarshe ya gyaɗa wa Sakatare kai. Sakatare ya zaro jerin ya ɗora a kan jaka, ya danna bironsa. Ya ƙi rubutu. Ya yarfa shi, ya hura masa iska, ya goga a tafin takalmi, ya ƙi. Ya lalube aljihu. Shugaba ya lalube nasa. Malamai biyar a tsaye, babu mai biro.

"Ungo," in ji Jan Biro. "Ka ja shi a miƙe, ba na son karkataccen layi."

Da jan bironta aka soke sunanta. Sakatare ya kai shi aljihu don sabo, ta ce ya dawo mata da kayanta. Suka yi sallama suka fita ɗaya bayan ɗaya, masu jajayen huluna a baya. Ba wanda ya tafi da ɗansa, don lokacin tashi bai yi ba.

Jan Biro ta juya wajen yara. Sannan ta ɗauki sanda ta nuna bango. "Ina muka tsaya?"

Bayan kwana tara aka sasanta. Gwamnati ta sallami jerin, mutum ɗari da casa'in da tara. Aka yi gangamin nasara, ana kiɗa ana busa usur, kuma da yake babu kuɗin buga sababbin kwalaye sai aka fito da ragowar tsofaffin. Fuskarta ce ta zagaya gari ranar, da kumburin da tagumin, a saman kawunan masu rawa. Matar ɗanta ta ce za a ɗaukaka ƙara. Ɗanta ya bugo waya daga kan hanya ya yi faɗa, ya ce zai san abin yi in ya dawo. Litinin aka buɗe makarantu, tsakar gida ta koma shiru, ba wanda ya zo gyara famfon.

Wata biyu bayan haka, ranar wata Asabar da safe, ta ji sallama. Ta gane muryar, amma ba ta ga jan nan a saman dunƙulen ba. Ko bai sa hular ba ne, ko ita ce ta daina ganin ja, ba ta tambaya ba.

Shugaba ya durƙusa ya daɗe yana gaisuwa. Ya tambayi jiki, ya tambayi gida, ya tambayi zafi. Can ya ce dama yarinyar ce. Su casa'in ne a ajinsu, malamar ba ta ko san tana nan ba, ta fara komawa gidan jiya. Tunda yanzu an janye yajin aiki, koyarwa ba laifi ba ce. Ko Malama za ta riƙa ɗan duba ta ranar Asabar?

"Maganar sunanki kuma, Malama, kada ki damu. An kafa kwamiti."

"Wa ke shugabantarsa?"

Ya yi ɗan tari. "Ni ne."

Wata biyu ta yi tana tanadin maganar da za ta gaya masa. Ta jera ta, ta goge ta, ta san inda za ta fara da majinar aji biyu da inda za ta ƙare. Ta buɗe baki ke nan sai ta ji ƙaramin hannu ya shiga cikin nata.

Ta rufe bakin. Ta ce masa ya dawo ƙarfe goma sha biyu, kada ya makara, ita ba mai riƙon yara ba ce.

Da ya fita ta lalubi tabarma ta zauna. Yarinyar ta zaro littafi daga jaka ta ba ta. Jan Biro ta buɗe shi a kan cinya, ta ɗora yatsa a inda take zaton layin farko yake, ta gyara murya irin ta aji.

"To, fara daga nan."

Shiru-Shiru ta kalli littafin, ta kalli fuskar tsohuwar. A hankali ta zare shi daga hannunta, ta juya shi kansa ya koma sama, ta mayar mata a cinya. Sannan ta kama yatsan Jan Biro ta ɗora shi a kan harafin farko.